Tari, Belu da Allura: Tarihin Jinyar Tarin Ƙananan Yara a Birnin Bauchi

1.0 Gabatarwa

A cikin cututtukan da ke damun yaro tun daga lokacin da ya fara tafiya har zuwa bayan yaye, da wuya a sami wanda ya kai tari sa iyaye safa da marwa tsakanin wanzami da malami da kemis da asibiti. Zazzaɓi da gudawa sukan yanke hukunci cikin 'yan kwanaki, ko sauƙi ko ajali. Shi kuwa tari yakan zauna makonni, ya lafa, ya sake tasowa da shigowar hunturu. Wannan daɗewa tasa ita ce ke ba kowane mai magani damar gwada nasa, kuma wanda ya zo a ƙarshe shi ake yaba wa da warkarwa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka riƙa jinyar tari mai naci ga ƙananan yara a birnin Bauchi, tun daga kafuwarsa a 1809 har zuwa annobar mashaƙo ta 2023. Abin da ake son nunawa shi ne, kalmar "tari" ɗaya ce amma cututtukan da ke fakewa a ƙarƙashinta suna da yawa, kuma mafi yawan ɓarnar da aka yi wa yara a tsawon wannan lokaci ta samo asali ne daga ɗaukar su duka a matsayin ciwo ɗaya.

2.0 Sunayen Tari a Hausa

Bahaushe bai rasa kalmomin rarrabe tari ba. Akwai busasshen tari da tari mai kaki. Akwai tarin mura, wanda ba a cika damuwa da shi ba. Akwai tarin fuka, mai ramar da mutum har ya riƙa kakin jini. Kalmar fuka ita kaɗai kuma ana amfani da ita ga ciwon da ke toshe ƙirji ya sa numfashi ya riƙa fito, wanda yanzu aka fi kira asma. Akwai ciwon haƙarƙari, wanda aron kalma ya mayar da shi nimoniya, a bakin jama'a kuma limoniya, bisa musayar /n/ da /l/ da aka saba gani a kalmomin aro kamar lamba. Sai kuma tarin shiƙa, ko tarin lala, wanda shi ne ya fi shafar wannan nazari.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan sunaye sun ginu ne a kan abin da kunne ya ji ko ido ya gani: sautin tarin, ko wurin da ke ciwo, ko abin da ya fito daga baki. Game da musabbabi kuwa, kusan dukkansu akan jingina su ga abu ɗaya, wato sanyi. Wall (1988), wanda ya yi bincikensa a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya nuna irin faɗin da wannan kalma take da shi a tunanin Hausawa game da cuta. Yaro ya kwana a ƙasa, ko ya yi wasa da ruwa, ko an fita da shi da sassafe cikin hazo, sai a ce sanyi ya shige shi. Tunda kuwa sanyi ne ya shiga, magani shi ne a kore shi da zafi. A kan wannan fahimta aka gina kusan duk jinyar cikin gida.

3.0 Gida, Malami da Wanzami

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ɗaya daga cikin masu tutar jihadi, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun da Ƙofar Wambai. Birnin ya tara Gerawa da Fulani da Barebari da Hausawa da sauran ƙabilun yankin, Hausa ta zama harshen kasuwa da na tsakar gida, sana'o'in biranen Hausa, har da wanzanci, suka kafu a cikinsa. Garin yana zaune ne a tsakanin duwatsu, kuma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan cika shi da ƙura. A wannan lokaci akan rufe ɗaki ruf, a shigo da kaskon wuta, yara su kwana cikin hayaƙi. Ilimin likitanci na yau ya tabbatar da cewa ƙura da hayaƙin itace da cunkoso a rufaffen ɗaki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da tari su kuma yaɗa shi. Ke nan dabarar tsere wa sanyi tana daga cikin abin da ke ciyar da tarin gaba.

Jinya takan fara ne daga hannun tsofaffi mata. Uwa matashiya, musamman a kan ɗan fari, ba ta da bakin magana saboda kunya. Kaka ko uwar miji ko ungozoma su ke yanke abin da za a ba yaro. Lokacin yaye ma, wajen shekara biyu, sau da yawa gidan kaka ake kai shi. Abin da suka saba bayarwa ya haɗa da zuma da lemon tsami, da jiƙon citta da kanumfari da masoro, da dafaffen ganyen sabara, da shafa man kaɗanya ko man shanu a ƙirji, da sirace. Dalziel, likitan Turawan mulki wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai a Hausa a 1916 da kuma babban littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma a 1937, ya tattara da yawa daga irin waɗannan. Ba duka ne na banza ba. Zuma, alal misali, bincike na zamani ya nuna tana sassauta tarin dare ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, ko da yake ana hana ba jaririn da bai kai shekara ba saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da kan ɓuya a cikinta.

Idan tari ya ƙi jin na gida, sai a nufi malami. Masarautar Bauchi tana ƙarƙashin Sakkwato ne, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ɗibbu, kuma littattafai irin su Kitabur Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma, wanda ake jingina wa Suyuɗi, sun yaɗu a hannun malaman zaure. Abdalla (1997) ya yi bayanin wannan gado dalla-dalla. Daga hannun malami akan samo rubutun sha da laya da tofi. Ko ba su taɓa ƙwayar cutar ba, ba sa zubar da jinin yaro. Mai zubar da jini shi ne na uku.

4.0 Belu

Belu, ko beli, ko hakin wuya, shi ne ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. A yawancin ƙasar Hausa wanzami yakan cire shi tun jariri yana ɗan kwana uku, ko kuma ranar suna, a matsayin rigakafi. Imanin da ke bayan wannan al'ada shi ne, in an bar shi zai kumbura ya toshe maƙogwaro, ya hana tsotso, ya jawo tari da amai da rama, wataƙila ma ya fashe ya yi kisa. Yaron da aka haifa a asibiti ko a wani gari ba a cire masa ba, da zarar ya kama tari mai naci, abin da tsofaffi za su fara tambaya ke nan. Wanda aka riga aka cire wa kuwa, ana iya cewa ya sake tsirowa. Wanzami zai zo da zabirarsa, a riƙe yaro, ya danne harshe da ɗan itace, ya saƙala wata 'yar aska mai lanƙwasasshen baki ya yanke. Wani lokaci a haɗa da tsaga a haƙarƙari ko ƙaho don a fitar da mataccen jini.

Yana da muhimmanci a fahimci dalilin da ya sa wannan al'ada ta yi ƙarko haka, domin kiran ta jahilci kawai bai bayyana komai ba. Amsar tana cikin yadda tarin shiƙa yake tafiya. Yakan fara kamar mura na mako ɗaya ko biyu. Daga nan sai tarin ya rikiɗe: yaro ya yi ta yi a jere ba numfashi, fuska ta canza launi, idanu su firfito, sannan ya ja iska da ƙara mai kama da carar zakara, ya ƙare da amai. Haka zai yi ta yi, musamman da dare, har makonni shida ko fiye. Mutanen Sin suna kiran sa tarin kwana ɗari. Duk wanda ya buɗe bakin irin wannan yaro zai ga maƙogwaro ya yi ja, belu yana lilo daidai inda amai ke tasowa. Idan aka yi la'akari da abin da ido ke iya gani a zamanin da babu madubin ganin ƙwayoyin cuta, tuhumar belu ba wauta ba ce. Sa'an nan kuma ba a kiran wanzami sai bayan an gaji da na gida, wato a daidai lokacin da ciwon ya kusa fara sauka da kansa. In yaro ya warke, aska ce ta yi aiki. In ya mutu, kwana ne ya ƙare. Ta kowace fuska wanzami bai faɗi ba.

Likitoci kuwa ɗaya ɓangaren suke gani, domin su ake kai wa waɗanda aikin ya ɓaci a kansu. Ijaduola ya yi rubutu a kan cire belu a Nijeriya a 1981, Prual da abokan aikinsa suka yi nasu a kan Jamhuriyar Nijar a 1994, an kuma ci gaba da samun rahotanni daga asibitin koyarwa na Jos, maƙwabciyar Bauchi. Illolin da suka lissafa iri ɗaya ne: zubar jini mai yawa ga yaron da dama jininsa ya yi ƙaranci, ruɓewar rauni, ciwon tetanas mai sarƙe haƙora, ƙin cin abinci saboda zafin maƙogwaro, da yaɗa ciwon hanta ko ƙanjamau ta hanyar aska ɗaya. Mafi muni ga mai tari shi ne ɓata lokaci. Kwanakin da aka yi ana jiran raunin belu ya warke su ne kwanakin da nimoniya ke cin huhu.

5.0 Zamanin En'e da Darajar Allura

Sojojin Ingila sun shiga Bauchi a watan Fabrairu na 1902. Shekaru da dama bayan haka likitancin Turawa bai wuce bariki da ma'aikatan gwamnati da ma'adinan kuza na Jos ba, wadda take cikin Lardin Bauchi har zuwa 1926. 'Yan mishan, waɗanda su ne suka fi kula da mata da yara, an taƙaita shigarsu biranen sarakunan Musulmi; asibitinsu na Vom, wanda aka buɗe a 1922, yana can kan tsaunuka. Ko layin dogo da aka raɗa wa sunan Bauchi a Jos da Bukuru ya tsaya, jirgin ƙasa bai iso birnin ba sai a 1961. Abin da talaka ya fara sani na likitancin zamani shi ne lambar agana, wadda mutane suka riƙa ɓoye 'ya'yansu saboda ita, sai kuma ɗakunan shan magani na En'e da suka fara yaɗuwa daga wajen 1930, inda malamin asibiti ke zuba wa mai tari jan ruwa a kwalbar da ya zo da ita.

Abin da ya juya tunanin jama'a shi ne zuwan fenisilin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yaron da ciwon haƙarƙari ya kwantar, aka yi masa allura, ya tashi cikin kwana biyu. Daga nan allura ta sami darajar da har yau ba ta rasa ba, ta yadda uban da aka sallama da ƙwayoyi kawai yakan ji kamar ba a duba ɗansa ba. Sai dai wannan nasara ta zo da nata ruɗani. Fenisilin yana kashe ƙwayar nimoniya, amma ba ya taɓa tarin mura ko na asma ko na fuka, kuma ba shi ne maganin tarin shiƙa ba. Tunda duk sunansu tari, sai aka riƙa nema musu allura ɗaya, kamar yadda a da aka nema musu aska ɗaya.

6.0 Rigakafi

A Turai an daɗe da sanin tarin shiƙa. Likita Baillou ya siffanta annobarsa a birnin Faris a 1578, Bordet da Gengou suka ware ƙwayar da ke haddasa shi a Beljiyam a 1906, sannan wasu mata biyu, Pearl Kendrick da Grace Eldering, suka samar da rigakafi mai inganci a jihar Mishigan ta Amurka a shekarun 1930. A Nijeriya, David Morley ne ya nuna girman matsalar. Ya bi yaran ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa tun daga haihuwa, ya kuma wallafa sakamakonsa a kan wannan ciwo a 1966. Ya gano cewa yana kama yara tun suna ƙanana ƙwarai, kuma aman da ke biyo bayan tari yakan jefa su cikin tamowa, kamar yadda ƙyanda ke yi. Wannan bayani ya dace da abin da tsofaffin Hausa suka daɗe suna gani, wato tari da amai da rama tare, wanda suka ɗora wa belu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi a 1974. Nijeriya ta shiga a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da Bauchi ta zama hedikwatar sabuwar jiha a 1976, aka kuma sake wa shirin fasali a 1984. Zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a matsayin ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, shi ne lokacin da rigakafi ya fi kai wa ga yara, da taimakon rediyo da masu unguwanni da sanƙira. Bayan 1990 sai abin ya ruguje. Kuɗin masu ba da tallafi ya janye, firji suka lalace, allurai suka yanke. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna cewa kusan kashi 21 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijeriya suka sami allura ta uku ta tarin shiƙa da mashaƙo da tetanas, kuma Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma su ne a ƙasa. A wannan shekara ce kuma aka yi ƙauracewa rigakafin shan-inna, wanda ya fi tsanani a Kano har zuwa watan Yuli na 2004. Tunawa da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi, zargin kuma bai tsaya ga ɗigon shan-inna ba, ya shafi kowace allura.

Akwai wata tambaya da iyaye suka riƙa yi a lokacin wadda ta cancanci a saurare ta: me ya sa ake bin su gida-gida da maganin ciwon da ba su cika gani ba, alhali ɗansu yana tari an kai shi asibiti an ce babu magani? Tambayar tana da tushe. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 asibitocin gwamnati suka koma wurin rubuta takarda kawai. A 2012 aka shigo da allura mai haɗe da rigakafi biyar, wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, daga ƙarshen 2014 kuma aka fara ƙara ta nimoniya. Zuwa 2018 adadin masu samun allura ta uku ya kai kashi 50 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, wato rabin yaran ke nan.

7.0 Kwalbar Kemis

Giɓin da asibiti ya bari, kemis ne ya cike shi. Daga Kasuwar Wunti zuwa ta Muda Lawal zuwa lungunan Jahun da Nasarawa, mai kanti shi ne likitan farko ga yawancin gidaje: yana kusa, ba layi, yana ba da bashi, yana kuma jin Hausa. Abin da ya fi sayarwa ga mai tari shi ne ruwan magani na kwalba, mai zaƙi, wanda yaro ba ya ƙi.

Tarihin wannan kwalba yana da baƙin shafi. A 1990, yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jos, tafiyar da ba ta fi kilomita 130 daga Bauchi ba, bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda; tare da na Ibadan adadin ya haura ɗari. Wannan na cikin abin da ya kai ga kafa hukumar NAFDAC a 1993. Sinadarin ya sake ɓulla a 2008 cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu, wasu daga cikinsu a Zariya. A 2022 kuma yara wajen 70 suka mutu a Gambiya bayan shan magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Ko da kwalbar ba ta da guba, amfaninta ga ƙaramin yaro kaɗan ne. Hukumomin magunguna na Amurka sun yi gargaɗi a 2008 kada a ba 'yan ƙasa da shekara biyu irin waɗannan magunguna, na Ingila kuma suka kai iyakar zuwa shekara shida a 2009. Mai kodin a ciki, wanda gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a watan Mayu na 2018 saboda shaye-shayen matasa, yana iya danne numfashin yaro. Barcin da uwa ke gani ta ɗauka sauƙi ne, sau da yawa aikin sinadarin sa barci ne kawai.

8.0 Ƙidayar Numfashi da Dawowar Mashaƙo

Sauyi mafi amfani da aka samu a jinyar tarin yara bai zo cikin kwalba ko sirinji ba. Daga shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su daina sauraron tarin, su ƙirga numfashi. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin sau 40 ko fiye, ana ɗaukar sa mai nimoniya, a ba shi amoksisilin. Wanda ya kasa sha, ko yake aman duk abin da ya ci, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, babban asibiti za a miƙa shi nan take. A birnin Bauchi wannan yana nufin tsohon Asibitin Ƙwararru, wanda ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 2010. Tarin da ya wuce kwana 14 kuwa bincike yake bukata. In akwai babba mai tari a gidan, yaro kuma yana rama, a nemi tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In tarin yana tashi da dare ko bayan guje-guje tare da fito a ƙirji, a yi tunanin asma. In ya fara ne farat ɗaya yaro yana cikin cin gyaɗa ko masara, wataƙila ƙwaya ce ta faɗa hanyar iska. Sauran kuwa mura ce, wadda lafiyayyen yaro kan yi sau shida zuwa takwas a shekara, kowace da tarinta na mako biyu ko uku, har uwa ta ɗauka ciwo ɗaya ne ya ƙi tafiya.

Wannan rarrabewa aikin harshe ce kafin ta zama aikin magani, kuma a nan masu nazarin Hausa suke da abin cewa. Misali mafi kusa shi ne kalmar mashaƙo, mai tushe ɗaya da shaƙa da shaƙe. Ƙamusoshin da suka gabata sun ba ta ma'anar ciwon ƙirji mai toshe numfashi. Da annobar da ta ɓarke a Kano a watan Disamba na 2022 ta bazu zuwa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi a 2023, kafofin yaɗa labarai da ma'aikatan lafiya sai suka keɓe kalmar ga wannan cuta guda, mai shimfiɗa farar fata a maƙogwaro ta kumbura wuya. Mafi yawan waɗanda ta kashe yara ne da ba su sami allurar da ke kare su daga ita da tarin shiƙa a lokaci ɗaya ba. A gidan da tsohuwa ta san mashaƙo da ma'anarsa ta da, sanarwar rediyo ba ta gaya mata wani sabon abu ba. Ita a wurinta ciwon sanyi ne da ake yi wa sirace. Idan kuma ta buɗe bakin jikanta ta ga maƙogwaro ya kumbura ya yi fari, wanzami ne zai fara zuwa mata a rai, alhali taɓa wannan fata da aska yana jawo zubar jini, ya kuma jinkirta allurar kashe dafin cutar, wadda amfaninta ya dogara ga yin ta da wuri.